Ƙanjamau a tsibiri: tambayoyi da amsoshi kan rigakafi da magani inda sai da jirgin ruwa ake isa asibiti

Tambayoyin da ke ƙasa mutane iri biyu ne suka fi yin su a nan Abuja: fataken kifi masu iyali ko yaran aiki a tsibiran Yauri, Tafkin Chadi da bakin tekun kudu, da ma'aikatan lafiya da ake shirin turawa irin waɗannan wurare. Amsoshin sun fito ne daga ɓangaren jinya, ɗakin gwaji da ɗakin magani. Duk inda aka ambaci adadin magani, don fahimta ne. Ma'aikacin da ya duba mara lafiya shi zai yanke.

Mu da muke Abuja, me ya haɗa mu da maganar tsibiri?

Kifi. Bandar da ake saukewa a kasuwar kifi ta Kado ba daga sama take faɗowa ba. Akwai masunci da ya kwana a ruwa, akwai mai banda, akwai dillali, akwai direban da ya ɗauko ta, kuma yawancinsu sukan yi watanni ba su ga iyalinsu ba. Hanyar da kifi ke bi ita ce cuta ke bi, ta tafi ta dawo.

Babban binciken ƙasa na 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a Abuja a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar HIV, kusan mutum miliyan 1.9 a faɗin Najeriya. Akwa Ibom ce ta fi kowa, da sama da kashi 5, Ribas kuma ta kusa kashi 4. Duka biyun jihohin bakin ruwa ne, kuma Hausawa masu ci-rani da fatauci suna can da yawa.

Me ya sa cutar ke samun gindin zama a tsakanin masunta?

Abubuwa ne ke haɗuwa. Masunci kuɗinsa na hannu ne, kullum sabo, ga shi nesa da matarsa, ga sana'ar da ke sa mutum ya raina haɗari tunda kullum yana kan ruwa. Mata masu sayen kifi kuma, in kamu ya yi ƙaranci, wasu sai sun ba da kansu kafin a sayar musu. A gaɓar Tafkin Biktoriya a Kenya abin ya shahara har yana da suna, jaboya, kuma ba can kaɗai ake yi ba.

Akwai kuma tsargiya, wadda ake mantawa da ita. Ƙwayayen tsutsar kan maƙale a al'aurar mace su yi ƙananan gyambuna masu saurin zubar jini, hakan kuwa na buɗe wa HIV ƙofa. Sau da yawa a ɗauka ciwon sanyi ne, a yi ta dirka wa mace allurai ba sauƙi, mijin kuma ya fara zarginta. Macen da ke wanka da wanki a tafki in ta zo da ƙaiƙayi, zubar ruwa ko ganin jini bayan saduwa, a tuna da tsargiya. Maganinta praziquantel ne, miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin jiki, sha ɗaya, bayan an ci abinci.

Ƙarancin jama'a ma ba kariya ba ne. Fiji, ƙasar tsibirai da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, ta ayyana ɓarkewar HIV a watan Janairun 2025, kuma rabon allura tsakanin masu shan ƙwaya ya taka rawa sosai. Inda kowa ya san kowa, mutum kaɗan ne ke haɗa gari gaba ɗaya.

Malam, ba mu da lantarki ba mu da ɗakin gwaji. Za a iya yin gwaji mai inganci a tsibiri?

Ƙwarai kuwa. Gwajin gaggawa ba ya buƙatar wuta, agogo yake buƙata da natsuwa. Wanda aka saba farawa da shi a Najeriya shi ne Determine. A yago tsinken gwaji ɗaya daga gefen dama na katin don lambar kamfani ta zauna a kan ragowar. A goge yatsa da sifirit a bari ya bushe, a soka a gefe ba tsakiya ba, domin fatar yatsan masunci ta yi kanta saboda jan koma. A share ɗigon farko, a ɗebi jini da ɗan bututun da ya zo da kayan har ya kai alama, a zuba a kan audugar tsinken, a jira ya tsotse kamar minti ɗaya, sannan a ɗiga ruwan gwajin ɗigo ɗaya. Ba a karantawa kafin minti 15, ba a karantawa bayan awa ɗaya.

Layi ɗaya a wurin tabbatarwa, babu cutar. Layi biyu, ko da na biyun ya yi dishi-dishi, sai a je gwaji na gaba. In layin tabbatarwa bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake da sabo. Ba a taɓa ce wa mutum yana da HIV da gwaji ɗaya. Ana bi da Uni-Gold, sannan Stat-Pak, bisa tsarin da Ma'aikatar Lafiya ta shimfiɗa, kuma a sake gwada mutum kafin a ɗora shi kan magani, don kauce wa musayar sakamako.

Ga inda ake yawan ɓata aiki. Matsa yatsa da ƙarfi yana tsarma jinin da ruwan nama. Amfani da ruwan gwajin wani kamfani a kan tsinken wani, ko ruwan leda in nasa ya ƙare, yana ba da sakamakon ƙarya. Buɗe tsinkaye goma a jere su sha iska don a yi sauri yana kashe su da danshi. Sannan karatu da fitilar waya da daddare yana ɓoye layi mai dishi-dishi. A yi gwaji da rana.

Abu na ƙarshe: waɗannan gwaje-gwajen martanin jiki suke gani, ba ƙwayar kanta ba, martanin kuma kan ɗauki har wata uku kafin ya bayyana. Wanda ya yi mu'amala mai haɗari makon jiya ya ga layi ɗaya yau, ya dawo a sake.

A garin da bai wuce gida ɗari biyu ba, ina sirri?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma duk shirin da bai amsa ta ba zai ƙare da magani jibge a kwali, mutane na mutuwa a ɗaki. A tsibiri ma'aikacin lafiya ɗan wani ne, surukin wani ne. Mai tuƙa jirgi ya san wanda ya sauka a wane mashigi. In aka ware ranar Talata ta zama ta masu karɓar magani, kafin wata biyu yara ma sun san ma'anar zuwa asibiti ran Talata.

Don haka kada a ware rana, kada a ware ɗaki, kada a kafa allo. A haɗa gwajin HIV da awon hawan jini, siga, zazzaɓin cizon sauro da tsargiya, kowa ya shiga ta ƙofa ɗaya ya fita da leda iri ɗaya. A rubuta lamba a kan kati maimakon suna, rajista kuma ta zauna a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, makulli a hannun mutum ɗaya. Wanda ya ce shi a gaɓa yake son karɓar nasa, nesa da idon dangi, a bar shi. Zaɓinsa ne, ba taurin kai ba.

Gwajin-kai ma na taimakawa. OraQuick ana shafa shi a dasashi na sama da na ƙasa, a tsoma a ruwan gwajin, a karanta tsakanin minti 20 da 40, kuma kada a ci ko a sha komai minti 15 kafin a yi. Mace na iya kai wa mijinta gida. Amma layi biyu a gwajin-kai ba hukunci ba ne, sai ma'aikaci ya tabbatar.

Doka tana nan: tun 2014 Najeriya ta haramta nuna wa mai HIV bambanci da tona sirrinsa ba da izininsa ba. Sai dai a tsibiri kalmar sarkin ruwa da ta liman ta fi takardar doka saurin aiki, don haka da su ake fara zama kafin jirgin gwaji ya iso.

An tabbatar mutum yana da ita. Sai an jira ya fara ciwo?

A'a. A fara ranar, ko cikin mako ɗaya. Maganin manya TLD ne, ƙwaya ɗaya a rana mai haɗe da tenofovir miligiram 300, lamivudine 300 da dolutegravir 50. A tsibiri farawa a ranar ya fi muhimmanci, domin wanda aka ce ya dawo mako mai zuwa wataƙila lokacin yana wani mashigin. Dalilin jinkirtawa guda ne babba: ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ko ruɗewa, wanda ke iya zama sanƙarau. Irin wannan asibiti ake kai shi tukuna. A kuma tambayi kowa abu huɗu: tari, zazzaɓi, rama, da gumin dare. Ko ɗaya aka samu, a nemi tarin fuka.

Kwalba nawa za a ba mutum, kuma yaya ake lissafin abin da za a ajiye?

A nan ne yawancin shirye-shirye ke karyewa, saboda ana tsara ranar dawowa da kalandar ofis maimakon kalandar ruwa. Kafin a rubuta komai a zauna da masu jirgi a tambaye su: wane wata ne iska ke hana ƙetarewa, yaushe ruwa ke ja har jirgi ya kasa matsowa, yaushe ciyawa ke toshe hanya, yaushe masunta ke tashi su bi kifi. A kan amsarsu ake ɗora ranakun raba magani.

TLD na zuwa a kwalba mai ƙwaya 30 da mai 90. Wanda ya daidaita a kan magani ana iya ba shi na wata uku zuwa shida. A ɗauka tsibiri na da mutum 40 a kan magani kuma hanya kan yanke wata huɗu. Kwalba mai 90 guda ɗaya ba ta isa ba, za ta ƙare saura wata guda. Kowa a ba shi biyu, wato kwalba 80, kafin hanyar ta rufe, ba ranar da ta fara rufewa ba. A bar wa ma'aikacin tsibirin ajiyar ko-ta-kwana ta ƙananan kwalabe masu 30, don sababbin kamu, baƙi, da wanda nasa ya faɗa ruwa. Ranar dawowa kuma a sa ta mako biyu kafin ƙwayar ƙarshe. A duba ranar lalacewa kafin a miƙa: ba a ba mutum maganin wata shida wanda saura wata huɗu ya lalace, kuma wanda ya fi kusa da lalacewa shi ake fara fitarwa.

Wata dabara da ta yi aiki ita ce ƙungiyar karɓa-karɓa, wadda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara a lardin Tete na Mozambik a 2008. Mutum kamar shida da suka amince da juna su haɗu, kowane zagaye ɗaya ya je ya karɓo na kowa, a duba shi a can, kuɗin jirgi kuma a raba. Sharaɗinta yarda, ba a tilasta wa kowa shiga.

Zafi da danshi fa? Ɗakin ajiyarmu kwano ne.

TLD da Determine duka ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, Uni-Gold ma 27 ne iyakarsa, ɗakin kwano kuwa a watan Afrilu ya wuce nan nesa. A nemi ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ko mai silin, a ɗora kwalaye a kan katako nesa da bango, a rataye ma'aunin zafi a rubuta safe da la'asar. A cikin jirgi a sa kaya a bokitin roba mai murfi, a lulluɓe da buhu, kada a ajiye kusa da inji ko jarkar fetur.

Ga mai shan magani: ɗan ƙunshin da ke cikin kwalba ba datti ba ne, shi ke tsotse danshi, kada a jefar kuma kada a haɗiye. Mutane da yawa kan juye ƙwayoyin a leda ko ƙyalle don kada a gane kwalbar, sai su jiƙe su manne. In kwalbar ce matsala, a ɓare takardar jikinta kawai. Mai fita kamun kwana uku ya ɗebi na kwana biyar a ƙaramar roba mai murfin murɗawa, babbar kwalbar ta zauna a gida.

Ranka ya daɗe, yarona da ke Baga maganinsa ya ƙare, ya ce zai riƙa tsallake rana don ya kai. Daidai ne?

Alhaji, ka kira shi yau ka hana shi. Tsallake rana ko raba ƙwaya biyu yana barin magani kaɗan a jini, wanda bai isa ya danne cutar ba amma ya isa ya koya mata jure masa. Ya ci gaba da sha kullum, ya nufi cibiyar da ta fi kusa tun da sauran ƙwayoyi a hannunsa, ya nuna katinsa ko kwalbar. Ba dole sai inda ya yi rajista ba. Akwai ƙarin haɗari in yana da ciwon hanta nau'in B: tenofovir da lamivudine suna danne shi ma, tsayawa kwatsam kan sa hantar ta tashi. In idonsa ya yi rawaya bayan yankewar magani, maganar asibiti ce ba jira.

Wanda ya manta sha na rana ɗaya, ya sha da zarar ya tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa. Ba a haɗa biyu.

Azumi fa?

Ƙwaya ɗaya ce a rana, don haka a mayar da ita bayan buɗa-baki ko lokacin sahur, a tsaya a kan lokaci guda. Wanda take hana shi barci ya zaɓi sahur. A sha ruwa sosai da daddare saboda ƙoda.

Yaya za a san magani na aiki, alhali na'urar gwajin tana birni?

Da gwajin yawan ƙwayar cuta a jini: wata shida bayan farawa, sai a wata na 12, sannan shekara-shekara. Matsalar ita ce jinin kwalba yana son a tace shi cikin 'yan awanni a kuma riƙe shi da sanyi, abin da tafiyar jirgi da mota ba ta bari. Mafita ita ce busasshen jini a kan kati.

A rubuta lambar mutum da kwanan wata kafin a soki yatsa. Katin na da da'ira biyar. A cika kowace da jini har bakin layi, kada yatsa ya taɓa takardar, kada kuma a ƙara ɗigo a kan wanda ya fara bushewa. A kwantar da katin a inuwa, inda ƙuda da ƙura ba sa kaiwa, aƙalla awa huɗu. In iska na da danshi a bar shi ya kwana. Ba a shanya shi a rana, ba a kai shi kusa da wutar banda. In ya bushe sarai, kowane kati da ledarsa mai zif, a sa ƙunshin tsotse danshi da katin nuna danshi, a matse iska a rufe. Katin da aka rufe da ɗanyen jini fumfuna yake yi, ɗakin gwaji ya ƙi karɓa, an yi asarar wata uku ke nan.

A tsara yadda sakamako zai dawo tun kafin samfur ya tafi, da lamba ta saƙon waya, ba suna. In ya haura 1,000, ba a gaggauta canza magani. A zauna da mutum sau uku cikin wata uku a gano abin da ke hana shi sha, sannan a sake gwaji. Mafi yawan lokaci amsar ba ta wuce kuɗin jirgi, yunwa, ko ɓoye kwalba daga abokiyar zama.

Sista, ni ungozoma ce. Mai ciki in tana da cutar, me zan yi tunda haihuwar dare ba jirgi?

Inna, aikinki ya fara tun kafin naƙuda. Ki tabbatar kowace mai ciki an gwada ta a awon farko, an kuma sake a watannin ƙarshe. Akwai tsinken da ke gwada HIV da tunjere lokaci guda. In tunjere ya fito, allurar benzathine penicillin ce, ita da mijinta. Mai HIV ta fara TLD nan take. In ba a yi komai ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari kan kamu. Da magani adadin kan sauka ƙasa da 5.

Tunda ba a san daren da haihuwa za ta zo ba, a ba uwar ruwan maganin jariri, nevirapine, da sirinjin awo tun tana wata bakwai zuwa takwas, a nuna mata alamar da za ta tsaya. Jariri mai kilo biyu da rabi zuwa sama mililita ɗaya da rabi ne sau ɗaya a rana, wanda ke tsakanin kilo biyu da biyu da rabi mililita ɗaya, a fara da zarar an haihu, har mako shida. In uwar ba ta daɗe da fara magani ba ko ƙwayar cutar na da yawa a jininta, ana ƙara zidovudine a kuma tsawaita. Wannan ma'aikacin lafiya ne zai tsara. Ke kuma safar hannu, sabuwar reza ga kowace cibiya, kuma kada a fasa faya da gangan.

A mako na shida a ɗauki jinin diddigen jariri a kan kati, a fara masa co-trimoxazole, maganin da ke kare shi daga wasu cututtuka. A sake gwaji a wata tara, na ƙarshe kuma a wata 18 ko wata uku bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya. Nono zalla wata shida, ba ruwa, ba rubutu, ba kunu, uwa kuma na shan maganinta. Madarar gwangwani da ruwan tafki gudawa ce ke biyo bayanta, ta kuma fi saurin kashe jariri.

Kada a ce ƙaramin wuri ba zai iya ba. Kyuba, ƙasar tsibiri, ita ce ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da yaɗuwar HIV da tunjere daga uwa zuwa jariri, a 2015, kuma a 2017 wasu ƙananan tsibiran Karibiyan shida suka biyo baya. Ƙarancin jama'a a nan riba ne, domin ana iya sanin kowace mai ciki.

Waɗanne magunguna ne ba sa jituwa da TLD?

Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, na ƙarin ƙashi, da farin ruwan maganin gyambon ciki da ake saya a kemis duk suna kama dolutegravir a hanji su hana shi shiga jini. A sha TLD awa biyu kafin su ko awa shida bayansu. Mai shan maganin tarin fuka mai rifampicin yana buƙatar ƙarin dolutegravir miligiram 50 awa 12 bayan TLD, har mako biyu bayan gama maganin tarin. Wannan ƙwaya daban take zuwa, kuma ita aka fi mantawa a saka a kwalin tsibiri. Mai ciwon siga da ke shan metformin ya sanar, don a daidaita masa. Jiƙe-jiƙen da ake cewa suna wanke cutar kuwa, ba wanda ya taɓa warkar da ita, wasu ma ƙoda suke ci.

Wace alama ce ke nufin a tayar da jirgi ko da tsakar dare?

Ciwon kai mai tsanani da amai, ruɗewa ko farfaɗiya, numfashi sama-sama, kasa tafiya sai an riƙe, gudawar da ta ƙafe jiki. Irin waɗannan sukan zo ga wanda ƙwayoyin garkuwarsa, CD4, suka sauka ƙasa da 200. Akwai gwaje-gwajen tsinke da ba sa son lantarki: Visitect na nuna ko an sauka ƙasa da 200, akwai na fitsari mai gano tarin fuka, da na jini mai gano fumfunar da ke kawo sanƙarau. Cibiyar tsibiri da ke da waɗannan ukun ta rage mutuwa sosai.

Jirgin gaggawa kuma ba a nemansa ranar da ake buƙata. A yi yarjejeniya da mai jirgi ɗaya, a ajiye jarkar fetur da ba a taɓawa, da rigunan ruwa da fitila. Wanda ya tuna haɗarin jirgin Warra a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ya san ba a cusa mara lafiya a jirgin kasuwa da ya riga ya cika.

Mu da muke da kaciya, ba mun tsira ba?

Kaciya na rage haɗarin kamuwar namiji daga mace da kusan kashi 60 cikin ɗari. Saura 40 na nan, kuma ba ta kare matar. Kwaroron roba na aiki in ba a bar shi a rana ko aljihun wando ya dahu ba, in kuma ba a shafa masa basilin, man gyaɗa ko man kaɗanya ba, domin mai na cinye roba. Wanzami ya yi amfani da sabuwar reza ga kowane kai, kayan ƙaho da na cire beli a wanke a tafasa, mai allura a kemis ya ɓare sabon sirinji a gabanka.

Ga wanda haɗarinsa ke maimaituwa akwai PrEP, ƙwayar rigakafi ta kullum ga wanda ba shi da cutar; kariya na kankama bayan kwana bakwai, kuma ana gwaji duk wata uku. Allurar lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Yulin 2025, ta dace da masunta ƙwarai in ta wadata. Bayan fyaɗe, fashewar roba ko sukar allura kuwa PEP ne, maganin rigakafi na bayan aukuwar haɗari: a fara cikin awa 72, a sha kwana 28. Awa 72 ba ta jiran jirgin ranar kasuwa, don haka dole a ajiye kwalba biyu ko uku a tsibirin.

Ɗaya na da ita ɗaya ba shi da ita. Aure ya mutu ke nan?

Bai mutu ba. Wanda ke shan magani har gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa, kuma suna iya haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Kafin a kai wannan matsayi, wanda ba shi da ita ya sha PrEP ko su yi amfani da roba. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kowace a gwada ta ita kaɗai, da yaran da ba su kai shekara 15 ba in uwarsu na da ita. Gwaji kafin aure, wanda Kano ta mayar doka a 2024, abu ne mai kyau matuƙar sakamakon ya tsaya tsakanin masu auren da ma'aikaci, bai zama abin karantawa a wurin ɗaurin aure ba.

Tallafin waje na ja da baya. Me gari zai iya yi da kansa?

Kaso mafi girma na maganin HIV a Najeriya ya daɗe yana zuwa ta shirin PEPFAR na Amurka, wanda aka kafa a 2003, da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da maleriya. Dakatar da tallafin Amurka a watan Janairun 2025 ya nuna inda rauni yake: abin da ke saurin tsayawa shi ne fetur, alawus ɗin masu bin sawun marasa lafiya, da jigilar samfur. Sayen magani aikin gwamnati ne, kuma NACA, hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, a nan Abuja da hukumomin jihohi su za a riƙa tambaya. Amma ƙungiyar masunta ko ta dillalan kifi na iya ɗaukar fetur ɗin jirgin lafiya da ɗan abin da ake cirewa kan kowane kwali, a kira shi asusun lafiyar gari, ya ɗauki mai naƙuda da wanda maciji ya sara da mai karɓar magani ba tare da an bambanta ba.

Masunci yau yana Najeriya, gobe yana ɓangaren Chadi ko Nijar. Yaya zai ci gaba da magani?

Ya riƙe ƙaramin kati a leda mai zif, ɗauke da lambarsa, sunan maganin da cikakkun sinadaransa uku, ranar da ya fara, sakamakon gwajinsa na ƙarshe da ranar da aka ba shi kwalbar ƙarshe. Ya ɗauki hoton katin a waya, ya kuma tura wa wani da ya amince da shi. Sunan kamfani da launin ƙwaya kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sinadaran ne abin dubawa. Kafin ya tashi ya gaya wa ma'aikaci inda ya nufa da watan da zai dawo, a ba shi na wata shida, a rubuta lambar waya biyu, tasa da ta wanda zai san inda yake. In ya isa sabon wuri kada ya sake gabatar da kansa a matsayin sabon kamu don gudun dogon bayani, domin hakan na ɓatar da tarihin maganinsa, a can baya kuma a rubuta shi cikin waɗanda suka ɓace. Ya nuna katin, a ci gaba daga inda aka tsaya.